Saurayin da Ba Ya Fita Aiki

Ranar da kamfani ya tara ma'aikatansa a ofis Wilmer ya fara ganin Yuliana, riƙe da kofin gahawa tana mitar cunkoson motocin birnin Barranquilla. Washegari kowa ya koma aiki daga gida. Abokan aiki sai murna, an huta da bas da zufa. Shi kuwa bawan Allah ya tsani ɗakinsa, don ganinta ya koma sai ta kwamfuta lokacin taro.

"Sarauniyata, kunna kyamarar mana. Kewarki ta hana ni sukuni," ya tura mata.

"Ban taje kaina ba. Kai kaɗai ke addu'ar a koma ofis, ka sani ko?"

"Ko a ƙafa zan je, in dai zan gan ki."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Don Efraín ya ce atafau. Tsohon direban bas ne, duk rayuwarsa da asuba yake fita.

"Namijin da za a tarar a gida rana tsaka da silifas? Zaman kashe wando ne, 'yata."

Ya hana shi zuwa gidan. Yuliana ta sha kuka, sannan ta rubuta wa Wilmer: "Ina sonka, amma ba zan tsallake maganar Baba ba. Ya ce sai ya ga aikin da idonsa."

Litinin da safe sai ga Wilmer a barandar gidan su Yuliana, ya dasa kwamfuta kan teburin wasan domino na tsohon.

"Baba, ga aikin na kawo."

Tsohon ya zauna yana harararsa. Kiran abokan cinikin kamfani ne ke ta shigo wa Wilmer, wani na yankewa wani na shigowa. Wata mata ta zage shi tas kan kayan da ba shi ya ɓatar ba, shi ko sai haƙuri yake ba ta. Miyar kifin da aka ajiye masa har ta huce. Yuliana na ɗaki kan nata aikin, tana jiyo muryarsa, ba halin leƙowa.

Da yamma Don Efraín ya girgiza kai.

"Kai! Ni in fasinja ya zage ni, gaba kaɗan zai sauka. Naka ba sa sauka?"

"Ba sa sauka, Baba."

"Yuliana! Zo ki ɗumama wa mijinki miyar nan."

A watan Disamba aka ɗaura aure a cocin unguwa. Tsohon ya haɗa hannayensu.

"Allah ya yi muku albarka. Ni ina kan titi yarinyar nan ta girma, ban gani ba. Kai zauna a gida, ɗana, ka ga naka suna girma."