Tsaron Koci

A ɗakin wasan ces, darar Turawa, da ke saman laburare wani malamin lissafi ya fara ganinta. Ta shigo da robar ruwa da maganin hawan jini, ta tsaya a kan mahaifinta har sai da ya haɗiye. Malamin yana tsakiyar wasa a teburin kusa. Ya ɗago ya kalle ta, ya mayar da ido kan allo, ya tura sarauniyarsa daidai inda doki zai cinye ta.

Ta ga abin da ya faru, ta rufe baki tana dariya.

"Laifinki ne," ya ce mata a matakala.

"Ni na riƙe maka hannu?"

"Da hannun kika riƙe, da da sauƙi."

Auta ake kiranta, ma'aikaciya a kantin magani, 'yar Koci, dattijon da ya koya wa kusan kowa a kulob ɗin wasa. Ba a jima ba ta koma kiransa Malamina, shi kuma yana ce mata Sanyin Idona.

Koci yana da wani tsaro da ya ƙirƙira tun yana saurayi. Idan yana riƙe da baƙaƙen 'ya'yan wasa, sai ya tura sojan da ke kare sarkinsa tun a farkon wasa, ya bar sarkin a fili don ya yaudari abokin karawa. Masana sun daɗe suna cewa tsaron ba shi da ƙwari. Amma tun da ciwon zuciya ya taɓa kayar da shi, babu wanda ya ƙara gwada karya shi da gaske.

Malamin kuwa ya gano wata hanya: a sadaukar da doki, sarauniya ta samu ƙofar shiga. Cikin zumuɗi ya nuna wa Kyaftin, shugaban 'yan wasan kulob ɗin, bai san shi ma Auta yake so ba. Kafin yamma magana ta isa kunnen Koci, an ƙara mata gishiri.

"Wai tsarona wasan yara ne," Koci ya ce wa 'yarsa, jijiyar goshinsa ta tashi. "Mai yi min dariya a bayan ido ba zai zauna da 'yata ba. Kada na ƙara ganinki da shi."

"Baba, don Allah ka zauna. Numfashinka."

Sai ga gasar kulob ta zo, ƙuri'a ta haɗa su: Malamin da farare, Koci da baƙaƙe. Koci ya aika masa cewa tsaronsa zai buga, in ya isa ya zo ya karya.

Auta ta shige bayan kanta a wurin aiki, ta rubuta wa Malamin saƙo a waya:

"Malamina, ina jin tsoro. Likita ya ce kada ransa ya ɓaci. Ka bari ya ci ka, don girman Allah."

Ya amsa: "Sanyin Idona, ni ma gabana faɗuwa yake. In na bari da gangan zai gane, kuma ba zai ƙara ganin ƙimata ba. In na ci shi, ban san abin da zai same shi ba. Ki faɗa min wanne zan ɗauka."

Ta rubuta: "Ban sani ba. Uba ɗaya gare ni. Kai ma kai kaɗai ne."

Ranar wasan ɗakin ya cika. Auta ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa zama. Koci ya tura sojan nan, ya danna agogon wasa da ƙarfi, ya kafe saurayin da ido. Gumi ya jiƙa wa Malamin riga. Ya miƙa hannu zai ɗauki wani soja da zai bar wasan ya tafi lami lafiya, sai ya ji muryar dattijon ƙasa-ƙasa.

"Kada ka yi min alfarma, yaro."

Ya janye hannunsa bai taɓa ba, ya ɗauki dokin, ya ba da shi.

Koci ya cinye. Sarauniya ta shiga. Dattijon ya sunkuya kan allo, fuskarsa ta canza, ya dafa ƙirji. Kafin kowa ya motsa ya sulale daga kujera, 'ya'yan wasan suka watse a ƙasa.

Malamin ne ya ɗauke shi ya sauko da shi matakala, amma a ƙofar asibiti Kyaftin ya tare shi. "Ka yi abin da kake so. Sai ka tafi."

Bai tafi ba. Ya zauna a benci a farfajiya. Ya rubuta mata: "Yana numfashi?" Shiru. Ya sake: "Ki yafe min. In wani abu ya same shi ban san yadda zan kalle ki ba." Shiru. Duk lokacin da aka turo gadon marar lafiya sai ya miƙe ya leƙa.

Rana ta yi sanyi sannan ya ga Auta ta fito, idanunta sun kumbura.

"Tun ɗazu kana nan? Wayata a kulob na yar da ita." Ta share hawaye. "Ya farfaɗo. Ashe bai sha maganinsa ba, a aljihu ya ɓoye, wai yana sa shi gyangyaɗi. Kai yake nema."

Koci na jingine da matashi, ƙarin ruwa a hannunsa, ƙaramin allon ces a cinyarsa. Mama, mahaifiyar Auta, na gefe tana harararsa.

"Mutum ya dawo daga bakin mutuwa, abin da ya fara tambaya allo," ta ce.

Koci bai kula ta ba. "Zo nan. Ka ce tsarona wasan yara ne?"

"A'a, Baba. Na ce akwai ɓaraka a cikinsa."

"Akwai?"

Malamin ya gyaɗa kai. "Akwai."

"To duba. Ka ba da doki, na cinye. Kuskurena ke nan. In na ƙi ci fa, na matsar da sarki nan?"

Saurayin ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "Wannan sai na koma na yi nazari, Baba."

"Ashe ba ka karya shi ba."

"Ban karya ba tukuna."

Koci ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Auta ta zabura da ruwa. Da ya natsu ya ce, "Shekaru ke nan Kyaftin da sauran suna faɗuwa a gabana da gangan, suna zaton ban gane ba. Kai kaɗai ka ɗauke ni mai rai. Ka turo iyayenka. Wannan musun ba zai ƙare daga nesa ba."

Auta ta ɓoye fuska a kafaɗar Mama.

Bayan Koci ya warware aka ɗaura auren. Da za a tafi da amarya, ya riƙe hannayensu biyu.

"Ku faɗa wa juna gaskiya ko da kuna jin tsoro. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Mama ta ce amin, hawaye na bin kumatunta, duk gidan suka amsa.