Busar da Aka Hana Tsoho Silas

Da magariba Reuben Tarr ya ja linzami a bakin kurmi don a ƙirga karnuka, kamar yadda mai ƙaho ke yi bayan kowace farauta. Kwana uku ke nan da binne tsoho Silas, wanda ya riƙe ƙahon shekara talatin kafin Reuben ya yi masa zagon ƙasa a wurin maigidansu, mai karnukan. Al'ada ce idan mai ƙaho ya mutu, a yi masa busar "a koma gida" a bakin kabarinsa. Reuben ya ƙi, wai huhunsa ba na gawa ba ne. Rowa iri-iri ce, amma ta numfashi ta fi muni.

"Sun cika?" ya tambayi Enoch, mai bulalar kora karnuka.

"Sun cika. Mu tafi, Reuben, dawakin nan ba sa son wurin nan."

Sai ƙaho ya yi kuka daga cikin kurmi. Doguwar busa, mai rawa a ƙarshe, irin ta mai giɓin haƙori.

Enoch ya yi raɗa: "Busar tsoho ce."

"Rufe mana baki," in ji Reuben.

Busar ta canza. Gajeru-gajeru, da sauri: an ga dila.

Wari ya taso, warin dila mai hawa kai. Reuben ya shinshina hagu da dama. Daga hannun rigarsa yake fitowa.

Karnuka arba'in suka juyo kansa lokaci ɗaya.

Ya kira su da sunayensu. Ko wutsiya babu wanda ya kaɗa. Ya kai ƙahonsa baki, iska kawai ta fita.

Ya saki linzami, doki ya zura da gudu. Haushi a bayansa, ƙaya na yagar fuskarsa, busar kamar a ƙeyarsa ake yi. Doki ya yi tuntuɓe ya kayar da shi. Haƙori ya cafke dunduniyarsa. Ya bar musu takalmin, ya faɗa rafi yana rarrafe don ya ɓatar da sawu, yadda ya sha ganin dila na yi.

A gaɓa, wani na zaune bisa doki, ba ya motsi.

"Ba yau ba," in ji muryar Silas. "Dila mai gudu haka, ba a kashe shi rana ɗaya."

Reuben ya ƙona kayansa, ya ƙarar da sabulu, warin bai fita ba. Maigida ya miƙa wa Enoch ƙaho. Yanzu Reuben yana wani gari mai nisa, a ɗakin sama, taga a rufe. Watan gobe ake sake buɗe lokacin farauta.