Akushin Mutum Ɗaya

Akushin ya yi ƙara ƙit, fitilar gefensa ta koma kore, muryar nan mai sanyi ta fito daga cikinsa: "Malam Barau, abincin rana ya shirya. Tuwon acca, miyar zogale, wake kaɗan. A ci a hankali."

Barau ya harari kwanon. Shi da a da yake share tiren shinkafa da mai ya kora da lemon kwalba, yau kwano ke gaya masa yadda zai tauna.

A birnin Sabon Kwari jiragen ƙasa a saman benaye suke gudu ba direba, aikin Barau kuwa zama gaban allo yana kallonsu. Lifta ta hau da shi, lifta ta sauko da shi, shekara da shekaru, har tumbi ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, likita ta ce sukari da hawan jini sun haɗu masa, in bai rage ƙiba ba zuciyar za ta tsaya. Shi ne aka dasa masa Linzami.

Linzami 'yar na'ura ce kamar ƙwayar gyaɗa, ana dasa ta a mashigar tumbi. Da abu biyu take magana, takalmi da akushi. Takalmin ya auna tafiyar da ka yi, akushin ya auna abin da aka zuba da abin da ya rage. Da zarar rabonka ya cika sai ta rufe hanya, ko loma ɗaya ka ƙara sai ta dawo. Abincin da bai fito daga akushin ba kuwa ba ta ma karɓarsa, kuma in jijiya ta kama ta ba a cire ta. Masu ƙera ta sun yi tunanin komai, ban da abu ɗaya: ba su taɓa kawowa a ransu mutum zai sa hannu a kwano ɗaya da wani ba. Mutanen da ke cin abinci a tsaye gaban kwamfuta, ina za su sani!

Da farko abin ya yi kyau, gaskiya. Barau ya bar lifta ya koma hawa matakala, da safe ya zaga gadar unguwa yana haki, aka rage mai, aka kori sukari. Wando ya fara yi masa yawa, munsharin da ke hana matarsa Tabawa barci ya ɗauke.

Sai ga Mati.

Mati abokinsa ne tun suna yara, tela ne da injinan ɗinki masu sarrafa kansu suka kashe wa kasuwa. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Ya fara zuwa bayan azahar, riga a wanke a goge, ya yi sallama ya ce wucewa yake yi.

"Bismillah," in ji Barau.

"Alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan nawa."

"Kai dai wanke hannu, kada ka sa in ci da kunya."

Barau ya ga yadda ya haɗiye lomar farko ba tauna, ya gane yunwa ce ta kawo shi. Daga ranar ya koyi ci da surutu. Ya gutsuri kaɗan, ya ja labari, ya tura tuwon gefen Mati da yatsa. Akushin ya ga an cinye tas, ya sanar da Linzami, Linzami ta rufe. Abincin rana kuwa shi ne babba, safe da yamma ɗan kunu ne da gwanda.

Jiki ya ci gaba da zubewa. Maƙwabta na cewa ma sha Allahu, Tabawa kuwa tana kallon ƙashin wuyan mijinta, tsoro ya cika ta.

"Malam, a zuba masa nasa daban mana. Tukunya a cike take."

"Daban? Tabawa, kwano daban sunansa sadaka. Matin da ya ɗinka min kayan angoncina? Ranar da kika miƙa masa, ranar zai daina zuwa."

"To kai fa? Jiya a matakala sai da ka dafa bango."

"Jiri ne, zai wuce."

Bai wuce ba. Da ta matsa masa ya je asibiti, Dakta Asabe ta duba allonta ta ce a wurinsu komai daidai yake, yana cinye rabonsa kullum. Ya gaya mata gaskiya. Ta ajiye tabarau ta dube shi.

"Baba, ba a yi shi don mutum biyu ba. Ka riƙa ci kai kaɗai."

"'Yata, ni tun da aka yaye ni ban taɓa ci ni kaɗai ba."

"Sai ka koya. In ka ci gaba a haka ƙodarka ba za ta kai damina ba."

Ya dawo gida, washegari Mati ya yi sallama, Barau ya ce bismillah kamar kullum.

Tabawa ce ta kasa jurewa, kuma wa zai ga laifinta? Ta ja mayafi ta tare Mati a bakin lifta, ta gaya masa komai tana kuka.

"Uwargida, ai da kin faɗa tun da wuri," ya ce. "Dama wucewa nake yi."

Bai sake zuwa ba. Ta zuba abinci ta aika masa ta na'urar aike mai tashi, kwanon ya dawo ko murfin ba a ɗaga ba. Barau ya ɗauki akushin da kansa ya je har ɗakin abokin nasa. Mati ya tarbe shi da dariya, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce azumi yake yi. Barau ya koma wata rana.

"Yau ma?"

"Yau ma, mutumina. Kai dai ci, ka ga yadda ka yi kyau kuwa?"

Ya kuwa yi kyau. Sukari ya sauka, jini ya daidaita, ƙarfi ya dawo masa kamar na saurayi. Asibiti har suka nemi hotonsa don su nuna wa masu ƙiba. Shi dai ya san yana cin tuwon nan ne ba ya jin ɗanɗanonsa.

Damina na sauka Mati ya rasu. Aka ce zazzaɓi ne. Barau ne ya yi masa wanka, shi ya ga haƙarƙarin da rigar nan mai guga take rufewa, ya yi kuka har liman ya dafa shi. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗa, mutane na zuwa su karɓe shi yana ƙi. Har maƙabarta bai yi haki ba, gawar ma ba ta da wani nauyi.

Ya dawo bayan azahar, ƙafa duk laka. Tabawa ta ajiye masa akushin ta koma ɗaki, ta kasa haɗa ido da shi. Ya wanke hannu, ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, bakinsa ya riga shi.

"Bismillah."

Fitilar ta koma kore.

"Madalla, Malam Barau," in ji akushin. "Yau ka yi doguwar tafiya ɗauke da kaya. An ƙara maka tuwo."