Ɗakin da Ya Ce Babu Kowa

Aikina a makarantar nan ba mai wuya ba ne: in buɗe ƙofofi da safe, in rufe su da yamma. Ƙofa talatin da ɗaya, makullansu duk a zobe guda. Yayata ce ta samo mini aikin, ita ke share ajujuwan saman bene shekara goma sha biyu ke nan. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau Auta take kirana a gaban kowa, da furfurata da komai.

A farkon zangon nan malamar kimiyya ta tara mu, masu shara da direba da ni, wai za ta koya mana kiyaye lafiya a wurin aiki. A bayan idonta Malama A-kula muke ce mata, don ba ta iya magana biyu ba ta sako kalmar ba. Kada a hau kujera a madadin tsani, a kula. In an ji warin gas kada a taɓa makunnin fitila, kada a haska tocila ko waya, a kula. Ni kuma ta yanka mini tawa dokar: kafin in rufe kowane ɗaki, in shiga in duba da idona. Na ce to. A raina kuwa na ce, ɗaki talatin da ɗaya da wannan gwiwar tawa? Sai na rage wa dokar tsawo. In ƙwanƙwasa sau biyu, in tambaya ko akwai mutum, in na ji shiru in danna kwaɗo.

Ranar da abin ya faru ɗalibai sun yi jarrabawa a ɗakin gwaje-gwaje, an tashi a makare. Rana ta kusa faɗuwa, hadari ya haɗo, baranda ta yi duhu tun kafin lokacinta. Na hau sama ina jan ƙafa. Ba ka jin komai sai ƙarar makullaina da wata taga da iska ke bugawa. Ɗakin gwaje-gwajen shi ne na ƙarshe, can ƙuryar baranda.

Na ƙwanƙwasa sau biyu. "Akwai mutum?"

"Babu kowa."

Na ce madalla, na danna kwaɗo, na sauko abina. Wallahi haka na yi. Gajiya ba ta yi ba.

Sai da na shiga ɗakina na bakin ƙofar makaranta na ga jakar Yaya rataye a ƙusa, inda take barinta kullum da safe. Ba ta taɓa tafiya gida ba tare da ita ba, maganin hawan jininta na ciki. Na tsaya ina kallon jakar. A nan ne tsigar jikina ta tashi.

Ɗakin da babu kowa, wa ya amsa mini?

Na tuna muryar. Ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba. Kuma daga ƙasa ta fito, ta ƙarƙashin ƙofa, kamar mai maganar kwance yake da bakinsa a siminti.

Ban san lokacin da na haye matakalar ba. Tun daga tsakiyar baranda warin gas ya tare ni, mai nauyi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Makulli ya ƙi shiga. Sau uku. A na huɗu kwaɗon ya buɗe.

Ciki duhu ne, an ja labulaye, tagogi a rufe. Wani sauti na tashi daga kan teburan, siiii, ba daga wuri ɗaya ba. Bokitin Yaya na bakin ƙofa, na tura shi da ƙafa ya tokare ta. Hannuna kuwa da kansa ya tafi bango, inda ya saba zuwa. Yatsana ya sauka a kan makunni.

"Auta," aka ce a hankali. "Kunna fitila ka gan ni."

Muryar Yaya ce. Ita ce sak, har da ɗan dishin nan nata. A gefen kunnena na dama, kusa ƙwarai, da wani huci mai sanyi.

Amma a ɗan hasken da ya shigo ta ƙofa, ina hango tafin ƙafafunta can nesa, tsakanin tebura. A kwance. Ba ta motsi.

"Kunna mana."

Yatsana ya fara dannawa. Na rantse ba ni ba ne.

Abin da ya faɗo mini a rai, ba ma addu'a ba ce, Allah ya yafe mini. Muryar malamar nan ce da muke yi wa dariya. A kula.

Na fizge hannuna na cusa shi a hammata. Na ja rigata na toshe hanci, na shige ina lalube. Na kama Yaya ta ƙarƙashin kafaɗu na ja.

Ta ƙi tahowa.

Yaya ba ta da jiki, da hannu ɗaya nake iya ɗaga ta. Amma a lokacin kamar an riƙe ƙafafunta ta can ɓangaren.

A bayana bokiti ya fara ƙara. Ƙofa ce ke matse shi.

Kaina na juyawa. Na ambaci sunan Allah da ragowar numfashina, na ja da duk ƙarfina. Aka saki. Muka faɗo baranda tare, bokitin ya fashe, ƙofar ta rufe garam.

A kafaɗa na sauko da ita har tsakiyar fili, sannan na taɓa waya. Ruwan sama ya fara sauka a fuskarta, ta yi tari. Ban taɓa jin abin da ya kai tarin nan daɗi ba. Na durƙusa na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Masu kashe gobara sun tarar da bakunan gas shida a buɗe. Malama ta rantse ita da hannunta ta rufe su, ta rufe babbar tukunyar gas ɗin ma. Shugaban masu kashe gobarar ya ce da na kunna fitilar nan, da benen gaba ɗaya ya tafi da mu.

A asibiti Yaya ta gaya mini tana cikin goge ƙasa ta ji ana murɗa bakunan gas ɗin ɗaya bayan ɗaya, jiri ya kayar da ita. Ta ji ƙwanƙwasata. Ta buɗe baki za ta amsa, aka riga ta.

"Da ka shigo ka duba, Auta," ta ce. Ban iya kallon idonta ba.

Yanzu rufe makarantar nan awa guda yake ɗaukata. Kowane ɗaki sai na shiga, na leƙa ƙarƙashin tebura da bayan ƙofa, gwiwa ta yi ta ciwonta. Tambayar kuwa na daina yi. Amma wasu ranakun, ina isa ƙofar ƙarshe, tun ban ɗaga hannu ba sai in ji an ce daga ƙasa babu kowa.

Sai in buɗe in duba.