Mai Shara na Ɗakin Sabar

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu, kada anjima a ce in raka mutum banɗaki.

Jazuli ɗan Fagge ne. Ya karanta kwamfuta ya gama, ya shekara biyu yana zaman jiran aiki. Amininsa Tasi'u ne ya samo masa. Tare suka taso, kwano ɗaya suke ci, ko faɗa mahaifiyar Jazuli za ta yi, haɗa su take yi. Ranar da Tasi'u ya kawo labarin aikin, har hawaye ta yi tana sa masa albarka.

Kamfanin yana Bompai, a wani tsohon siton fatu da aka gyara. Manhaja suke rubutawa. Aikin da aka ba Jazuli shi ne ya sabunta abin da su a can suke kira ɗan aike. Ba mutum ba ne, na'ura ce. Duk wanda ya taɓa manhajar, sai ɗan aike ya buɗe kwantena, wato wani ɗan ɗaki a cikin kwamfuta, ya kafa ma'ajiyar bayanai sabuwa fil, ya gwada komai. In ya gama sai ya share ɗakin da duk abin da ke ciki, kamar an wanke allo.

Abu ɗaya ya riƙa ba Jazuli dariya. Kullum da safe sai maigadi ya tare Tasi'u ya ce, "Malam, wajen wa ka zo?" Mutumin da ya shekara uku a wurin! Mai shayi ma tsallake shi yake yi. Tasi'u dai ba ya dariya. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ran nan Juma'a, rana tsaka, kowa ya tafi masallaci. Tasi'u ya riƙo hannunsa.

"Zo mu ƙarasa ɗan aiken nan. Minti biyar. Ma samu masallacin ƙarfe biyu da rabi."

Ɗakin sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfanin, yana can ƙurya, ba taga. Sanyi kamar cikin firij. Jazuli ya zauna ya tayar da kwantena, amma ma'ajiyar ta ƙi tashi.

"Sunan mutum ɗaya take nema a ciki kafin gwaji," in ji Jazuli. "Bari in sa Wane ɗan Wance."

"Ba ta karɓar na ƙarya. Sa naka."

Ya sa. Sai wani gurbi ya fito a ƙasa: sunan mahaifiya. Jazuli ya janye hannu. Ɗa mai kunya bai cika kama sunan uwarsa ba, balle ya rubuta wa na'ura. Duk unguwa Umma ake ce mata, ba kowa ya san na yankanta ba. Tasi'u ya sani, don shi ya taɓa kai ta asibiti, shi ya riƙe mata katin.

"Kai, wannan kuma na mene ne?"

Tasi'u ya matso. Ya sunkuyo ta kafaɗarsa ya rubuta Saudatu, ya danna.

"Bari in yi alwala," ya ce.

Jazuli ya ji takunsa a waje. Gudu yake yi.

Gwaji ya fara. Koriyar alama ɗaya ta fito, an ci gwajin farko. Biyu. Sai warin ɗanyar fata ya cika ɗakin.

"Sannu da aiki, Jazuli ɗan Saudatu."

Wani tsoho ne tsugune a bayan batira, da jiƙaƙƙen tsumma a hannunsa. Ƙofa kuwa ba ta motsa ba. Bakinsa yakan gama motsi tukuna, sannan muryar ta iso, kamar waya in layi ba kyau. Jazuli ya kai ido ƙasa. Abin da ya leƙo a ƙarƙashin rigar tsohon, kofato ne.

Da ƙyar Jazuli ya ce, "Baba, wane ne kai?"

"Mai shara. Tun ana shanya fatu nake nan. Ku gina, ni in share."

Koriyar alama ta bakwai.

"Sunayen ƙarya kuka daɗe kuna ba ni. Ba sa ƙosarwa. Wata uku ke nan abokinka ya yi gaggawa ya sa nasa na gaskiya. Duk shara ɗaya, mutum ɗaya ya manta shi."

"Ina ruwana a ciki?"

"Ya roƙe ni. Na ce ya kawo madadi, da sunan uwa. Ya ce yana da wani wanda ba ya musu da shi."

Nan tsoron ya kau, baƙin ciki ya maye gurbinsa. Jazuli ya tuna Umma tana sa albarka. Ashe ba aiki aka samo masa ba, kawo shi aka yi. Wallahi da ni ne, da a nan zuciyata za ta buga.

Saura gwaji uku a kai ga shara. Tsohon ya matse tsummansa, ruwa ya ɗiga a kan tayil.

"Ai ba a rufe gurbin ba," in ji shi. "Kai ma ka san sunan uwar wani."

Ya sani kuwa. Ya sa yatsa ya rubuta harafi biyu na sunan mahaifiyar Tasi'u. Sai ya ga fuskarta, matar da ke ajiye masa ƙanzo tun yana firamare. Ya goge.

Saura ɗaya.

Ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya yi tsalle ya kama babbar wayar wutar sabar da hannu biyu ya fizge. Fitilu suka mutu. Kafin su mutun, ya ga tsumman ya taɓa allon kwamfutar sau ɗaya. Sau ɗaya tak.

Bai tsaya ɗaukar takalmi ba. A bakin get ya yi karo da Tasi'u, maigadi na ce masa, "Malam Tasi'u, an sauko lafiya?" Shi kuma yana ta washe baki.

Jazuli ya ci kwalarsa. "Me na yi maka?"

Tasi'u ya kau da kai. "Matata ta fara tambayata ko ni wane ne."

"Shi ne sai ni?"

"Kai kaɗai za ka yarda."

Jazuli ya sake shi.

A hanya duk wanda ya gani sai ya gaishe shi, don ya ji ko za a kira sunansa. Mai kanti ya kira. Maƙwabta suka kira. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ina takalminka?" Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi sallama ya shiga tsakar gida.

Umma tana tankaɗe. Ta ɗago, ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Bawan Allah, ai ba a faɗo wa mata haka. Wa kake nema?"

An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an nuna mata hotuna. Takan kalla ta ce Allah sarki, yaron yana kama da maigidana. Yau shekara huɗu. Kullum da yamma sai ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ta zuba masa tuwo a kwanon baƙi. In ya gama ta ce, "Yaron kirki. Uwarka ta yi sa'a."

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya zauna shi kaɗai a ɗakin na'ura da rana tsaka. In kuma gurbi ya nemi sunan uwarku, ku fara duba wanda ke tsaye a bayanku. Ku yi addu'a, kowa ya je ya kwanta.