Tauraron da Ya Ɓata Kafin Ya Tashi

Da safiyar Litinin aka kira Sufeto Marlon Pruitt ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a Huntsville, garin roka na Amurka. An sace tauraron ɗan adam, ɗan ƙarami da bai fi burodi ba, wanda ɗaliban wani shirin tallafi suka shekara suna haɗawa. Shirin na 'ya'yan baƙar fata ne da na talakawan ƙauye, waɗanda iyayensu daga bayan shinge suke hangen roka. Ranar Laraba masu ɗaukar nauyinsa za su zo ganin aikin, su yanke ko zai ci gaba.

Shugabar sashen, Madam Hollis, ta gama nata binciken tun a bakin ƙofa.

"Wata ɗaliba ce, Keondra Mayfield. Katinta ne ya buɗe ƙofar nan jiya."

"Nata kaɗai?"

"Malamai da mukulli suke shiga."

A garin nan, ko zargi kawai ya hau sunanka, kai da aikin sararin samaniya har abada.

Aka sa masa farar riga da hula kafin ya shiga. Kusoshin da suka riƙe tauraron suna jere a kan tebur, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi irin wannan ba. A bango kuma akwai wani maratayi, babu komai a kansa.

Keondra baƙar fata ce 'yar garin Selma, ita ce ta fara shiga jami'a a gidansu. Pruitt ya sa aka kira ta.

"Ina kike jiya?"

"Ina coci, yallaɓai."

"Katinki ne ya taho aiki shi kaɗai?"

Ta sunkuyar da kai. "Na zo. An hana mutum shiga shi kaɗai, shi ya sa na ɓoye. Amma a kan tebur na bar shi."

"Me ya kawo ki?"

"Ranar Juma'a, bayan an girgiza shi a injin gwaji, na ji wani abu yana kacau-kacau a ciki. Na faɗa wa malaminmu, Dakta Beasley, ya ce kunnena ne. Na kasa haƙuri, na dawo in sake ji."

"Maratayin bango fa, na mene ne?"

"Na jan fil. Shi ake soka wa tauraron kafin a ɗaga shi, don kada ya kunna kansa. Dakta kaɗai ke taɓa shi." Ta ɗago, idonta ya yi ja. "Yallaɓai, kamfanin da zai ɗauke ni horo ya kira ɗazu, wai in dakata. Me zan ce wa kakata?"

Pruitt ya tashi ya nufi ofishin malamin.

Dakta Alton Beasley dattijo ne, shi ma baƙar fata. Shekara arba'in yana aikin roka, shi ne kuma ya yi ta bin ofisoshi har aka kafa shirin. Pruitt ya same shi zaune, abincin ranarsa ya huce a gabansa.

"'Yan waje ne, Sufeto. Su kwance shi su sayar da kayan ciki."

"Ɗan waje zai tsaya jera kusoshi? Zai nemo jan fil ya soka kafin ya gudu? Wanda ya ɗauki abin nan lallashinsa yake yi, Dakta."

Dattijon ya dubi hannuwansa.

"Sabo ne," ya ce. "Ban ma san na soka shi ba."

"Yana ina?"

"A garejina. Yarinyar ta yi gaskiya, allon lantarkin da ke ciki ya tsage. Mutanen nan dama hujja suke nema. Idan ya mutu a gabansu za su ce yaran ba su iya ba. Na ce in sata ce, za a ƙara mana lokaci in gyara."

Aka sa masa ankwa. Kafin su kai ƙarshen baranda, Madam Hollis ta fito ta sanar cewa masu tallafin sun ji labari, sun fasa zuwa. An rufe shirin, ɗalibai su miƙa katunansu kafin la'asar. An wanke Keondra, sai dai wankin bai tsinana mata komai ba.

Tana tsaye a bakin matakala lokacin da aka zo wucewa da shi.

"'Yata, ki yafe mini. Ban yi zaton ke za su kama ba."

Ta dube shi, babu hawaye.

"Malam, shekara arba'in kana garin nan da wannan fatar. Wa ka zata za su fara kamawa?"

Pruitt ya buɗe masa ƙofar mota, ya dafa masa kai ya shiga.