Albashin Yagana

"Ki ajiye aikin kawai, Yaganata..."

Yagana ta tsaya cak a kan kunyar gona, farar rigarta ta asibiti ta sha taɓo har gwiwa. Daga wurin aiki ta hau acaba ta biyo shi fadama, ko ruwa ba ta kurɓa ba. Haruna kuwa ya tsura wa injin ban-ruwa ido, sai ka ce da shi za a ɗaura masa aure.

"Yaya Haruna, dube ni mana!"

Bai ɗago ba.

Wata murya ce ta jawo duk wannan, irin wadda ake turawa a waya ba a san mai ita ba. Wai sabuwar dokar haraji ta ce duk wanda ya auri mai albashi za a haɗa samunsa da nata a yanka musu haraji mai tsoka, har shinkafar rumbunsa ba za ta tsira ba. Nuriyya, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana auna ɗakin Haruna da ido, ita ta kunna wa Iya, mahaifiyar tasa, ta kuma ƙara mata gishiri. Iya ta kafe: ko Yagana ta bar aiki, ko a fasa. Ga biki ya matso, har an gaya wa dangin Kafin Hausa.

"Ka san inda albashin nan yake tafiya," in ji Yagana. "Ranar da na ajiye aiki, ranar za a daina yi wa Baba wankin ƙoda. Da kanka ka sha kai mu!"

"Allah zai kawo mafita."

"Ai Ya kawo! Aikin nan shi ne mafitar!"

"Masoyiyata, ki fahimce ni. Da ƙyar noman nan yake fitar da kuɗin taki. In gwamnati ta sa mana ido saboda ke, ƙannena me za su ci? Iya ta ce ba da yawunta ba..."

"Iya ta ce. Nuriyya ta ce. Waya ta ce. Kai me ka ce?"

Akwai maganar da Yagana ta riƙe a baki tun safe, tana ƙona ta kamar garwashi. Da ta faɗe ta, da an wuce wurin. Amma so ba ya rasa wautarsa, tana son ya zaɓe ta tun kafin ya ji. Tsoro ya cika ta.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, don girman Allah. A ce an yanka mana harajin. Mu sha koko babu sukari, mu zauna ɗaki ɗaya, ni na yarda. Za ka aure ni da aikina?"

Ruwa na ta kwarara cikin fangali. Haruna ya goge tafinsa a jikin riga.

"Ka ce e mana... ko da ƙarya ce, ka ce e!"

"Yagana... ba zan iya ba."

Hawayen da take ta dannewa suka ɓalle. Ba ta share ba.

"To ka ji. Na je ofishin haraji da safe, na tambaya da bakina. Babu wannan dokar. Kowa nasa ake dubawa, aure ba ya haɗa samun miji da na mata. Dariya ma suka yi mini."

Haruna ya yi tsalle har takalminsa ya maƙale a taɓo.

"Da gaske? Alhamdulillahi! Kai, Nuriyya ta cuce mu! Bari in kira Iya yanzu. Shi ke nan, amaryata, shi ke nan!"

Ta kalli murmushin da ya cika fuskarsa. Wannan murmushin ne ya sace ta tun tana makarantar jinya, kuma har yanzu yana da kyau, abin da ya fi mata ciwo ke nan.

"E, shi ke nan, Yaya Haruna."

Ya ji yadda ta faɗe shi. Wayar ta tsaya masa a hannu.

"Ban gane ba... ba kin ce ƙarya ce ba?"

"Dokar ce ƙarya. Amsarka gaskiya ce."

"Haba Yagana! Tsoro ne fa! Wallahi ina son ki!"

"Na sani. Ni ma haka." Ta tattare rigarta. "Ka turo a ɗauki lefenku da yamma, don da safe ba ma gida. Gobe ranar wankin Baba ce."

Yana kiranta, injin na cinye muryarsa. Ta bi kunyar nan tana tuntuɓe har bakin hanya, ta ɗaga wa mai acaba hannu.